Yadda Kawu Tela Ya Rame a Mako Guda

Wayyo cikina! Ku matsa mini in zauna, kada wadda ta katse ni sai na kai ƙarshe. Labarin Kawu Tela ne. E, shi dai, mai shagon nan na bakin kwana, wanda tumbinsa yake riga shi shiga ɗaki.

Kun san shi ne yake ɗinka kayan makarantarmu tun ba a haife mu ba, aikin ma gadonsa ya yi daga babansa. To bana shugabar makaranta, wadda muke kira Malama Ba-Wasa a bayan idonta, ta ba shi ɗinkin rigunan ranar wasanni na 'yan mata kaf, daga aji ɗaya har aji shida. Amma ta kafa masa sharaɗi a gaban mutane, saboda bara sai da aka gama wasanni aka share fili sannan ya iso da kaya a ka yana tambaya ko an fara.

"Malam Tela," in ji ta, "ranar Asabar da safe nake son su, kowace yarinya da tata daidai jikinta. In aka kuskure, ga Ɗan Lantarki can yana jira."

Ɗan Lantarki kuwa shi ne saurayin telan da ya buɗe shago a tsallaken titi, da keken ɗinki mai aiki da wuta. Ko inuwarsa Kawu ba ya son gani.

Kawu ya zo da tef ɗinsa ya auna mu ɗaya bayan ɗaya. Yana kan 'yan aji ɗaya, ya sunkuya zai auna tsawon wata 'yar mitsitsiya, sai miƙewa ta gagara. Yana nan a duƙe yana haki kamar an koro shi, sai da malamai biyu suka ɗago shi. Washegari matarsa, Inna, ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likitar ta auna jininsa, ta ɗora shi a sikeli, sikelin ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Baba, kana motsa jiki kuwa?"

"Ni? 'Yar nan, da ƙuruciyata babur ba ya wuce ni. Na taɓa bin ɓarawo da gudu har ya tsaya ya roƙe ni mu huta."

"Shi ne dai ya biyo ka, Malam," in ji Inna. "Ni na buɗe maka ƙofa."

Likita ta danne dariyarta ta ce abin ba mai wuya ba ne. Rabin awa a rana, kwana biyar a mako, tafiya da ɗan sauri ko tuƙa keke. "Ma'auninsa kuma mai sauƙi ne, Baba. Ka kai inda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. In ka kai nan ya isa, kada ka wuce. Ka fara a hankali. Sannan ka kula da kwano, don abin da ƙafa ta ƙona da ƙyar, baki yana mayar da shi kafin a ce kwabo. Teɓar da aka yi shekaru ana tarawa ba a mako guda take tafiya ba."

A duk bayanin nan abu biyu kaɗai suka shiga kunnen Kawu, keke da waƙa. Sauran ya bar mata su a kan tebur.

Tun a hanyar gida ya fara. "Rabin awa! Ai wannan lissafin malalata ne. In rabin awa tana cire loma ɗaya ta kitse, wuni guda fa? Abin da ta tsara mini na shekara, a mako ɗaya zan gama shi in kai mata ta gani."

"Kai dai ka rufe shago da sassafe, mu ɗan zaga mu dawo," in ji Inna. "Ni ma sai in raka ka."

"In rufe shago ina da rigunan makaranta guda a wuya? In riƙa zagaye unguwa kamar wanda akuyarsa ta ɓata, yaron can yana leƙena ta taga? Haba Innar yara! Ke dai ki zuba ido. Zan haɗa keken hawa da keken ɗinki. Ƙafa tana ƙona kitse, hannu yana ɗinki, kafin Asabar na gama riguna na gama tumbi."

"Malam, taura biyu ba ta taunuwa."

"Ga mai ƙaramin baki ba."

Ai kuwa bai ko shiga gida ba, ya zarce wajen Mai Faci, maƙwabcinsa mai gyaran kekuna. Akwai wani tsohon keke da ya daɗe a jingine a bayan rumfarsa, ba tayar gaba, sirdin ya tsage. Kawu ya nuna shi da yatsa kamar ya ga zinariya.

Mai Faci ya saurari bayanin har ƙarshe, ya sosa ƙeya da sufana. "Kawu, zan iya ɗaurawa. Amma fa ka sani, juyi ɗaya na ƙafarka, allura za ta sauka sau ba adadi."

"Abin nema ya samu."

"Kuma babu birki."

"Wanda zai tsaya shi yake neman birki. Ni na ce maka zan tsaya?"

Suka kafa keken a kan katako, suka ja sarƙa daga feda zuwa ƙafafun keken ɗinki. Da aka gama haɗawa abin ya fi ƙarfin shagon, dole aka fito da shi bakin titi, daidai ƙofar Mai Aski. Kawu bai ji haushi ba ko kaɗan. Cewa ya yi gara ma haka, abin koyi ba a ɓoye shi a ɗaki.

Ya yanka rigunan 'yan aji shida, don ya ce daga manya ake farawa. Ya rataya tef a wuya, ya ɗale sirdi da taimakon mutum biyu, ya sa yadi a ƙarƙashin allura, ya taka.

Tatatatatata! Kaji suka watse. Wani mai babur ya kauce ya faɗa kwata. Yadin ya fice daga hannun Kawu ya bi ta ɗaya gefen kamar maciji ya ga rami. Shi kuwa ya washe baki, ya gyara murya, ya ɗaga kai sama:

"Allura siririya, ni ne ɗanki!
Tumbi tattara kayanka, an sayar da gidan!"

Ku da kuka taɓa jin muryar Kawu kun san abin da nake nufi. Kamar ana jan tebur a kan siminti. Mai Aski ya fito da gudu da reza a hannu, wanda yake yi wa aski yana biye da shi da rabin kai.

"Kawu, lafiya? Wa ya mutu?"

"Gwaji nake yi! Likita ta ce in dai ina iya waƙa, to ban kai ba tukuna."

Mai Aski ya sauke reza. Sai idonsa ya yi wani haske. "Wato in ka ƙara wuta, waƙar za ta tsaya?"

"Ƙwarai kuwa."

Mai Aski ya juya ya fuskanci titi, ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a, ku taimaki kunnuwanku! A ƙara wuta, Kawu!"

Kan ka ce me, layin gaba ɗaya ya ɗauka. Masu shaguna, masu jiran mota, har matan da suka leƙo ta saman bene. "A ƙara wuta! A ƙara wuta!" Kawu ya ɗauka duk ƙauna ce. Ya duƙa ya taka, ya taka, gumi yana zuba kamar an kunna famfo, har waƙar ta koma "Allu… siri… tum…" ta mutu. Aka yi tafi. Jin tafi sai ya sassauta ƙafa don ya ɗaga musu hannu, numfashi ya dawo, ya ce bari ya sake gwadawa ya gani. Waƙa ta dawo sabuwa fil. Titi ya sake ɗauka.

Ana cikin haka allura ta cafki hannun rigarsa ta haɗa da rigar wata 'yar aji shida. Ya ɗaga ƙafa, amma tayar baya ta riga ta ɗauki gudu, ba ta san an ɗaga ba. Keken ya ci gaba da ɗinke shi yana jan shi gaba, har kumatunsa ya kwanta a kan tebur.

"Birki! Birki!"

"Ka ce ba za ka tsaya ba!" in ji Mai Faci.

"Na canza shawara!"

Sai da Mai Faci ya cire takalminsa ya cusa a taya, Inna kuma ta zo da almakashi ta raba mijinta da aji shida.

To ga inda abin yake. Tef ɗin nan da ke wuyansa irin na roba ne mai arha. Duk sanda ya duƙa, bakin tef ɗin sai ya faɗa cikin sarƙa, sarƙa ta ja, shi ma ya ja, su yi ta kokawa har ya fizge abinsa. Ga rana, ga zafin gumi. Tef ya fara miƙewa kamar cingam, kowane inci yana ƙara faɗi, ba wanda ya lura.

Da ya sauka, yunwa ta taso masa irin wadda bai taɓa ji ba. Ya aika aka sayo burodi babba, aka soya masa ƙwai cike da faranti, ya kora da lemon kwalba biyu, sannan ya tambayi Inna abin da ta dafa.

"Malam, likita fa ta ce ka kula da kwano."

"Ga shi ina kula da shi, ko ƙwaya ban bari a ciki ba. Wannan duk na riga na ƙona shi tun kafin in ci. Rami ne kawai nake cikewa."

Ya ɗage riga a bakin shago ya zagaya tef a tumbi. Da safe inci arba'in da takwas ne. Ya duba, ya goge ido, ya sake dubawa. Arba'in da biyar!

"Mai Aski! Mai Faci! Ku zo ku karanta da idonku, kada a ce na ƙara gishiri!"

Suka zo suka karanta. Arba'in da biyar ɗin ne. Mai Aski ya dubi lambar, ya dubi tumbin, ya ce, "Ikon Allah. Amma a ido kamar ma ya ƙaru."

"Idonka ne bai je makaranta ba. Lamba ba ta ƙarya."

Daga ranar Kawu ya zama wani abu daban. Da sassafe ya yanka rigunan aji na gaba da tef ɗinsa, ya ɗaure matashi a kan sirdi saboda zama ya fara gagararsa, ya hau ya yi ta takawa yana waƙa ana ƙara masa wuta. Sarƙa ta ja tef, ya fizge. Da yamma ya ci kamar mutum uku, ya auna, lamba ta sauka. Tafiya ma sai ya ware ƙafafu kamar ƙaguwa, in an tambaye shi ya ce haka 'yan wasan gaske suke tafiya.

Rannan don tsokana Mai Aski ya ce a auna shi shi ma. Kawu ya zagaya masa tef, ya ja da baya yana salati.

"Ka ga abin da nake faɗa! Kai ma ka zube! Ihun nan da kake yi mini shi ne ya ƙona maka kitse."

"To amma wandona bai sani ba, har yanzu yana matse ni."

"Wando ba shi da ilimi. A hankali labari zai kai masa."

Magana ta bazu cewa ko kallon Kawu kaɗai magani ne. Mata suka fara tsayawa da kwandunan cefane a ba su tef su auna kansu, kowace ta tafi tana murmushi. Wata mai sayar da kayan miya har kujera ta kawo, ta ce ita a nan za ta wuni, tunda tafiyar safe da take yi wata da watanni ba ta cire mata abin da zaman nan ya cire ba.

Ana tsakiyar mako yadi ya ƙare, ga aji biyu da aji ɗaya ko taɓa su ba a yi ba. Kawu ya auna ɗan ragowar da tef ɗinsa, ya ga bai kai yadda ya kamata ba, ya ɗauki fushi ya ja ƙafa har shagon Mai Yadi.

"Ka tauye ni! Shekara da shekaru muna tare, ashe sandar awonka guntuwa ce!"

"Kawu, sandar nan ƙarfe ce."

"Ƙarfe ba ya tsufa? Kawo ta nan."

Ya shimfiɗa tef a kan sandar a gaban masu sayayya. Sanda ta gaza. Mai Yadi ya buɗe baki ya kasa rufewa, masu sayayya suka fara kallon juna suna mayar da abin da suka ɗauka. Don dai ya rabu da shi, ya jawo bandir guda ya ɗora masa a kafaɗa ya ce ya je don Allah, ya bar masa bakin shago.

A daidai lokacin tef ya ce tumbin Kawu ya sauko talatin da huɗu. Ya ce dole a yi shaida. Ya yanka wa kansa sabon wando mai ƙugu talatin da huɗu, da tef ɗin nan dai, ya ɗinka, ya saka. Ya shige shi cif! Kun gane ai, abin da ya auna tumbin shi ya auna wandon. Ya fito titi yana juyi.

"Talatin da huɗu! Rabona da shi tun ina saurayi! Ina likita? A kira ta ta zo ta koyi aiki!"

Ranar Juma'a Inna tana taya shi ninke kaya, ta ɗaga wata riga, ta ɗaga, ta ɗaga, har hannunta ya ƙare rigar ba ta bar ƙasa ba.

"Malam, wannan ta wace ce? Ta malamin wasanni?"

"Ta 'yan aji ɗaya ce."

"Aji ɗaya na raƙuma?"

"Innar yara, ba ki saba da siririn miji ba ne. Tunda na rame, komai sai ya riƙa yi miki girma. Ninke kawai."

Shi ma Ɗan Lantarki ya tsallako titi, ya rusuna ya gaishe shi. "Kawu, ba don raini ba, na ga kamar rigunan nan sun ɗan… ko in kawo tef ɗina a gwada ɗaya?"

"Leƙen asiri ka zo yi? Koma ka jira a kawo wuta, yaro. Ni wutata a cinyata take."

Asabar ta zo. Kuma wallahi ya cika alkawari, tun kafin a gama jera kujeru ya iso da kaya ƙunshi-ƙunshi a baro, kowane aji da nasa a ɗaure, yana sanye da sabon wandonsa. Malama Ba-Wasa ta duba agogo, ta dube shi, ta ce, "Yau kuma?" Ta sa aka kai wa kowane aji ƙunshinsa a je a shirya.

Da a nan ya tsaya ya nemi kujera, da ko an samu sauƙi. Ina! Iyaye sun cika rumfa, ga lasifika a kan tebur ba mai riƙe da ita. Kawu ya ɗauka ya hura.

"Jama'a, kafin yara su fito, ga nasiha kyauta. Likitoci suna ce muku rabin awa, kwana biyar, a hankali. Ni da kuke gani na gwada na gano gaskiya. Wuni guda, kullum, ba birki! Ku ci abin da kuke so! A mako ɗaya na sauko daga arba'in da takwas zuwa talatin da huɗu, kuma ban bar sana'ata ba. Yanzu za ku ga aikin da aka yi a kan keken da ba ya tsayawa."

Aka buga ganga, fareti ya fito.

'Yan aji shida suka fara wucewa. Rigunansu sun ɗan yi yalwa, ba laifi, aka tafa. Kawu ya ce a lasifika, "Na bar musu wurin shan iska." Aji biyar, kafaɗa ta sauko kusa da gwiwar hannu. "Yara suna girma, tela nagari gaba yake kallo." Aji huɗu, hannuwa sun ɓace, sai yadi yana reto. Tafi ya fara raguwa. Aji uku suka fito kowace ta tattare riga da hannu biyu kamar mai tsallake ruwa. Kawu ya sauke lasifika daga baki.

Sai aji biyu. Biyu daga cikinsu sun ga abin ya yi yawa, suka shige riga ɗaya, kai biyu a wuya ɗaya, suna tafiya daidai da ganga.

Sannan aji ɗaya, waɗanda aka yanka nasu a ƙarshe. Wallahi ba yara muka gani ba, riguna ne kawai suka fito suna tafiya da kansu. Ba kai, ba ƙafa, sai shuɗin yadi yana jan ƙasa yana karo da juna. Iska ta taso ta hura su suka kumbura. Ɗaya ta taka gaban tata ta faɗi, ta mirgina a ciki, ta kasa gano hanyar fita. Mai ganga ya yar da sanda ya kwanta a ƙasa.

Wata uwa ta miƙe daga rumfa a gigice. "Ina 'yata? Wacce ce tawa?"

Wata murya ta fito daga cikin wata riga. "Ga ni, Mama! Ta hannun rigar nake kallonki!"

Fili ya kece. Iyaye suna riƙe ciki, malamai sun juya baya kafaɗunsu suna rawa. Malama Ba-Wasa kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta tako a hankali har gaban Kawu, ta miƙa hannu, ya ba ta lasifika. Ba ta kashe ta ba.

"Malam Tela, mene ne wannan?"

"Ranki ya daɗe, awonsu ne cif. Sai dai in yaran ne suka motse. Kin san duk wanda ya wuce ta gaban shagona a makon nan sai ya zube, kuma hanyarsu ce."

"Da wane tef ka yanka?"

Ya zaro shi daga wuya da alfahari. Sai a lokacin kowa ya gan shi da kyau. Ya yi siriri, ya yi tsawo, ya kanannaɗe, lambobin sun baje kamar an zana su a kan balan-balan. Malama ta sa aka kawo mata rula daga aji, irin tamu ta katako mai inci goma sha biyu.

"Auna mini wannan."

Kawu ya shimfiɗa tef. Ya duba. Ya juya rular ya sake shimfiɗawa.

"Nawa?"

"Takwas da rabi, ranki ya daɗe."

"Ita ma rular ta wuce ta gaban shagonka?"

Daga can baya Mai Aski ya ɗaga murya, "Ta yi ihu ne, Malama! Ihu yana ƙona kitse!"

Mai Yadi ma ashe yana cikin iyaye. Ya taso yana ture kujeru. "Sandata! Mutumin nan ya sa na kwana ina zargin ƙarfe!" Mai kayan miya kuma ta dafe ƙirji ta ce wato zaman da ta yi a kujera duk a banza, har ta yi wa mijinta gori.

Malama ta yafito Ɗan Lantarki, wanda yake raɓe a bakin rumfa kamar ba ya nan. Ta ce ya ara mata tef. Kawu ya ja da baya, amma Inna ta riga ta riƙe masa riga ta baya. Aka zagaya tef a tumbi. Ɗan Lantarki ya duba, ya sunkuyar da kai, ya faɗa a hankali. Ya manta lasifika tana kusa da bakinsa.

"Hamsin."

"Tsoka ce!" in ji Kawu.

"Burodi ne," in ji Inna.

Aka yi wasanni da tsofaffin kaya. Da aka tashi, Malama ta yanke hukunci a tsaye. Daga yau ɗinkin kayan ɗalibai na Ɗan Lantarki ne. Kawu ya tsaya yana murza mataccen tef ɗinsa a hannu, ya ce a hankali, ba da lasifika ba, "Ranki ya daɗe, babana ne ya ɗinka tutar makarantar nan."

Malama ta dube shi, ta dubi tulin rigunan da aka tara a tsakiyar fili kamar tantin da ya rushe. Ta ja numfashi.

"Tagogin azuzuwa ba su da labule, rana tana damun yara. Ka kwashe wannan yadin ka mayar da shi labule. Labule ba shi da ƙugu. Amma kafinta ne zai auna tagogin, da tef na ƙarfe, kai ko kusa kada ka je."

Kafin ya tura baron nan ya kai bakin kwana, labari ya riga ya canza a bakinsa. Ya tsaya a ƙofar Mai Aski yana haki ya ce an ƙara masa girma. Ɗinka wa yara aikin masu koyo ne, shi ya sa ya sakar wa yaron can. Shi yanzu gini yake yi wa sutura.

Inna dai ta zare sarƙar keken ta kulle a akwatinta. Ta ce za ta riƙa ba shi ita rabin awa da safe, in ya yi waƙa kuma ta rage.

To yau da muka shiga aji, sai ga labulen farko an rataya. Shuɗi, dogo, ya rufe tagar tsaf. Sai da rana ta haska shi muka lura. Yana da kwala a sama. A gefen hagu kuma ga aljihu, da bajen makaranta a kai! Malamin lissafi ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, ya zura hannu ya ajiye allinsa a ciki, ya ci gaba da darasi.

Da aka tashi muka biya ta shagon muka gaya wa Kawu. Ko gezau bai yi ba. Ya gyara zama a kan matashinsa ya ce, "Da gangan na bar shi. Ku je ku tambayi yaron can ko ya taɓa ganin labule mai aljihu."